Watan da Baba Asaurara Ya Yi Shiru

A can bayan gari, inda bas ke sauke fasinjanta na ƙarshe ta juya, akwai wata unguwa da ba ta saba jin labarin hukuma daga takarda ba. Daga bakin mutum guda take ji. Kafin ka gan shi sai ka ji motarsa, tsohuwar a-kori-kura mai tari kamar ta kwana a sanyi, da lasifika ɗaure a samanta da wayar ƙarfe. Lasifikar za ta yi 'yar ƙara irin ta kyanwar da aka taka wa wutsiya, sannan murya ta biyo baya: "Jama'a, a saurara!" Yaran da suka fara kwaikwayonsa sun girma sun haifi nasu, amma sunan da suka liƙa masa bai fita ba. Baba Asaurara.

Aikinsa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ofishin hukumar unguwa ke miƙa masa takarda: ranar da za a ɗauke ruwa, hanyar da bas za ta bi, ranar zuwan motar shara, lokacin buɗe filin wasan yara. Sai dai shi ba ya karanta ta yadda aka rubuta. Takarda za ta ce an dakatar da ruwan famfo ranar Laraba domin gyaran bututu. Shi kuwa sai ya taka birki daidai ƙofar mai wanki da guga ya ce, "Mai wanki, Laraba babu ruwa. Cika duronka tun Talata, kada ka zo kana yi wa masu kaya rantsuwa!" In ya iso layin 'yan makaranta sai ya ce, "Bas ɗin safe za ta yi sammako. Iyaye, wanda ya san ɗansa sai an yayyafa masa ruwa yake tashi, ya tanadi kofi." Sanarwa guda, amma kowane layi da irin rigar da yake ɗinka mata.

Da kwandasta ya fara, tun unguwar tana gonaki da 'yan gidaje jefi-jefi. Yana rataye a ƙofar bas yana kiran tashoshi, muryarsa na riga motar isa. A nan wani jami'in hukuma ya ji shi ya ce wannan maƙogwaro ya fi ƙarfin bas guda. A nan kuma ya ga wata yarinya da ke zama kusa da taga, ba ta taɓa cewa ga inda za ta sauka ba, sai dai ta ɗaga yatsa. Ya yi ta yi mata surutu har ya gaji, ita kuwa murmushi kawai. Ranar da ya tambaye ta ko ya turo manya gidansu, nan ma yatsan ta ɗaga. Ita ce yanzu ake kira Maman 'Yan Biyu, ko da yake 'yan biyun sun daɗe da tafiya gidajensu.

Kullum da yamma, in ya ajiye mota a ofis ya dawo, sai ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya miƙe ƙafa a tabarma, ya kwashe mata unguwar kaf ya zube a tsakar ɗaki. Ba labari kawai yake ba ta ba, har da muryoyin mutane. Zai shaƙe hanci ya yi muryar tela, ya kumbura kumatu ya yi ta mai aski. Kowa kuma yana da sunan da ya raɗa masa, sunan da ba ya wuce bangon ɗakin nan. Ita tana gefe tana ninke kaya ko tana tsince shinkafa, ba ta cewa komai sai "uhm", wani lokaci kafaɗunta su girgiza don dariya. Shi dai a ganinsa magana yake yi don kada ɗakin ya yi shiru. Bai taɓa tambayar kansa ina maganar take zuwa ba.

Sai muryar ta fara dusashewa. Da farko ya ce mura ce. Ya sha ruwan ɗumi da zuma, ya ci gaba. Har wata safiya ya danna makirufo ya ce "Jama'a," sauran kalmar ta maƙale, abin da ya fito daga lasifika kamar ana jan buhu a ƙasa.

Likitar da ta duba shi 'yar siririya ce mai ƙaramar murya. Ta leƙa maƙogwaronsa da fitila ta daɗe, sannan ta koma kujerarta.

"Baba, jijiyoyin muryarka sun kumbura. Wata guda ba magana. Raɗa ma ban yarda ba, ta fi maganar lahani. In ka saɓa, muryar nan tana iya tafiya ba ta dawo ba."

Ya buɗe baki zai ce wani abu. Ta ɗaga masa alƙalami.

"Daga yanzu aka fara ƙirga."

Maman 'Yan Biyu, wadda ta rako shi, ta gyara mayafinta ta ce, "Na ji, likita. Ki bar ni da shi."

Kwanakin farko sun yi masa nauyi. In yana son ruwa sai ya buga cokali a kofi. In ya ji labari a rediyo da ya kamata a yi masa sharhi, sai ya yi ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Da yamma ya miƙe ƙafa a tabarma kamar kullum, babu abin zubewa. A lokacin ya fara jin abubuwan da ke cikin gidansa: ɗigon famfon bayan gida, ƙarar ƙofar kabad, da wani ɗan amo da matarsa ke yi a hanci in tana shara. Shekara da shekaru tana yin sa, bai taɓa ji ba.

Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga ofis, irin wanda aka tura wa kowa tunda mai sanarwa na jinya. Ta karanta masa a hankali. Za a fasa kwalbatin babban titi a sake shi, don haka daga ranar Talata bas ba za ta shiga layin ƙarshe ba, za ta riƙa juyawa a gindin tankin ruwa. An mayar da zuwan motar shara ranar Alhamis. An rufe filin wasa har a gyara lilo.

Baba ya miƙe zumbur. Ya sunkuyar da baya, ya riƙe sandar da babu ita, ya fara takawa a hankali yana lalube da ɗaya hannun.

"Iyar layin ƙarshe," in ji ta. "Mai zuwa asibiti duk Talata saboda ƙafarta. Ba ta da waya, kuma idon ya yi nisa."

Ya tsaya yana kallonta. Ba ta taɓa taka layin nan ba. Ya sa hannu biyu ya zana gemu mai tsawo, ya toshe kunne ɗaya.

"Tsohon maigadin makaranta. Shi sai an tsaya a saitin kunnensa na dama."

Ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa. Kafin ya kai, tana tsaye a bakinta.

"Ina zuwa, Malam? Ka je ka ce musu me? Da wane bakin?"

Ya nuna maƙogwaronsa, ya haɗa yatsu biyu: kaɗan kawai.

"Ko ƙwaya. Ni na yi wa likita alkawari." Ta dubi hular da ke hannunsa. Can ta jawo mayafinta daga ƙusa. "Hannunka dai lafiyarsa lau. Kai ka tuƙa. Ni zan faɗa."

Shugaban sashe ya saurare su a ofis, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya yi dariya har da buga tebur. "Mama, ni tunda na zo ofishin nan ban taɓa jin muryarki ba, ko a gaisuwa. Amma ga makulli. Baba, in na ji ka ce uffan, ni da kaina zan kai ƙararka asibiti."

Ta zauna a gefensa, ta riƙe makirufo da hannu biyu kamar an ba ta jariri. Ya nuna mata madannin. A bakin layin farko lasifika ta yi kukan kyanwarta, mutane suka ɗago kai, sai shiru ya biyo baya. Yana jin numfashinta yana fita ta saman mota. Yatsunsa suka ƙanƙame sitiyari.

"Jama'a," in ji ta. "Don Allah a ɗan saurara."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma ta fita tas, a natse, kamar ruwan da aka tsiyayo daga tulu. Baba ya juyo ya dube ta. Bai san haka muryar matarsa take ba in ta samu fili.

Ba ta duba takarda ba. A ƙofar mai wanki ta ce ya daina tara shara a bayan shago yana jiran Litinin, Alhamis motar za ta zo. A layin 'yan makaranta ta ce lilo ya tsinke, an rufe fili, kada a bar yara su haura katanga, musamman mai jar rigar nan da ya karya hannu bara. Wata mata ta leƙo ta taga tana tafa hannu, "Wallahi nawa ne!" Baba yana tuƙi yana satar kallonta. Ta san inda za a tsaya tun kafin ya taka birki. Duk abin da ya zube a tabarma tsawon shekarun nan, ashe tsincewa take yi tana adanawa.

Sai suka iso shagon tela.

"Gobe-da-safe," in ji ta cikin ladabi, lasifika na watsa wa layin duka, "masu zuwa karɓar ɗinki daga layin ƙarshe, ka faɗa musu a tankin ruwa za su hau bas."

Layin ya yi tsit. Sannan mai facin taya ya fashe da dariya, har ya zauna daɓas a kan taya. Masu jiran aski suka fito da tawul a wuya. Baba ya ji kamar ya shige ƙarƙashin kujera. Ita ba ta san wani suna da tela yake da shi ba sai wannan. A ɗakinsu haka ake kiransa tun 'yan biyu na goye.

Tela ya fito da almakashi a hannu da tef ɗin awo a wuya, ya tsaya a tagar direba.

"Baba Asaurara! Ni ne Gobe-da-safe? Ni? Wa ya raɗa mini? Yi magana mana!"

Bayani ya taso wa Baba har maƙoshi. Kalma biyar kawai, ya san yadda zai juya ta ta zama wasa, aikinsa ke nan. Leɓensa ya buɗe. Sai ya ji tafin hannunta a kan gwiwarsa, ta danna da ƙarfi. Ya haɗiye.

"Likita ta hana shi magana, mai ɗinki," in ji ta. Ta manta yatsanta na kan madanni, kowa na ji. "Laifina ne, ka yi haƙuri. Na ɗauka sunanka ke nan. Kullum da kai muke cin abincin yamma a gidanmu, kai ne dai ba ka sani ba. Ranar da aka kwantar da ɗiyarka a asibiti, mutumin nan ko loma bai kai baki ba."

Tela ya sauke almakashi. Ya sosa ƙeya. Ya waiwaya ya ga mai aski na riƙe da ciki.

"To shi wancan mai washe baki fa, Mama? Ba shi da suna a gidanku?"

Ta dubi mijinta. Baba ya rufe ido, ya jingina kai da kujera.

"Sai-na-gama-labari," in ji ta.

Wannan karon tela ne ya fi kowa dariya. Wani da aka aske masa rabin kai ya ɗaga hannu sama yana cewa, "Na shaida! Tun hantsi nake zaune!" Tela ya share hawaye da tef ɗinsa, ya sunkuyo ta taga.

"Shi kuma gogan, me kike ce masa?"

"Wannan nawa ne," in ji ta, ta saki madannin.

Rana ta karkata lokacin da suka shiga layin ƙarshe. Nan kwalta ta ƙare, gidajen sun ja baya da juna. Suka tsaya a saitin kunnen dama na tsohon maigadi, ta maimaita masa har ya gyaɗa kai. Daga nan sai ƙofar Iya. Tana zaune a dakali da sandarta tsakanin gwiwoyi, ta karkato kai tun da ta ji tarin motar. Da muryar mace ta fito daga lasifika, sai fuskarta ta canza.

"Tsaya, tsaya. Wace ce ke? Ina yaron nan?"

Gemun Baba ya yi fari fat, amma a wajen Iya har yanzu yaron nan ne mai rataye a ƙofar bas. Suka sauko su biyu. Maman 'Yan Biyu ta durƙusa ta gaishe ta.

"Matarsa ce, Iya. Ga shi nan tsaye a gabanki. Maƙogwaro ke damunsa."

"Ƙarya kike yi." Tsohuwa ta buga sandarta a ƙasa. "Haka aka yi mini lokacin ƙanena. Aka ce yana barci. In ya rasu ku faɗa mini, ni ba yarinya ba ce. Wannan yaron da zai tsaya a gabana bai yi magana ba? Yaro, in kana nan, ce Iya. Iya kawai."

Wannan ta fi ta tela wuya. Kalma guda ce, gajera, kuma hawaye ya riga ya taru a idanun da ba sa ganinsa. Ya ji kalmar ta hau harshensa. Ya dubi matarsa. Wannan karon ba ta taɓa shi ba, ba ta girgiza kai ba. Kallonsa kawai take yi, ta bar masa zaɓi.

Ya durƙusa a ƙasa gaban dakalin. Ya kamo hannun Iya ya sa a cikin nasa na dama, hannun da take dafawa duk lokacin da ya tarar da ita za ta hau bas. Yatsunta suka bi tafin, suka hau babban yatsa, suka tsaya a kan kantar da madannin makirufo ya yi masa. Ta murza wurin. Ta sake murzawa. Sannan ta ɗaga hannu ta lalubo kunnensa ta ja.

"Ja'iri. Ka tsorata ni." Ta ja hanci. "To rufe bakin, kada ka kuskura. Ashe Allah ya hutar da unguwa. Ke 'yata, faɗi abin da ya kawo ku."

Ta faɗa mata komai: kwalbati, Talata, tankin ruwa. Iya ta shafa gwiwarta.

"Tankin ruwa? Ƙafar nan ba za ta kai ni ba."

Baba ya dubi titi, ya dubi matarsa, hannuwansa suka faɗi. Wannan ba ya cikin takarda. Ita kuwa ta miƙe ta koma mota ta ɗauki makirufo.

"Jama'ar layin ƙarshe, a cikinku wa ke fita da abin hawa ranar Talata da safe? Iya na son a rage mata hanya zuwa tankin ruwa."

Aka ɗan jima. Sai wata ƙofa ta buɗe, direban motar burodi ya fito da singileti yana miƙa.

"Ni nake fita, Mama. Amma ta sani, motata ƙamshi gare ta, ban da taɓa kaya."

"Ka ji ɗan banza," in ji Iya. "Da wane haƙorin?"

Da yammar nan, bayan sun mayar da mota, shi ya fara zama a tabarma. Ita ta tsaya a tsakar ɗaki, mayafi bai gama sauka daga kafaɗarta ba. Sai ta shaƙe hanci ta ce, "Ni ne Gobe-da-safe? Ni?" Muryar tela sak. Baba ya toshe baki da hannu biyu, don dariya ma an hana shi mai ƙarfi, kafaɗunsa suna ta girgiza. Ta yi mai aski, ta yi matar taga, ta yi Iya. Ya jawo kwandon wanki ya fara ninkewa, duk a karkace.

Haka suka cinye watan, shi a sitiyari, ita a makirufo. Ranar da suka koma asibiti, likita ta sake leƙawa da fitilarta ta ce kumburin ya saɓe. Muryar ta tsira. Sai dai ta ce ta ɗaki ce yanzu, ta gama da lasifika. "Gwada mu ji, Baba." Ya girgiza kai, ya nuna ƙofa. Ba a nan zai fara kashe ta ba.

Sai da suka iso gida, ya cire takalmi, ta kawo masa ruwan ɗumi. Ya kurɓa, ya gyara zama. Abin da ya fito ƙarami ne, a dushe, kamar na wanda ya tashi daga barci.

"Maman 'Yan Biyu."

Ta tsaya cak da faranti a hannu.

"Wanda kika hana tela. Mene ne sunan?"

Ta ajiye farantin. Ta zauna a bakin tabarma, ta juya masa gefen fuska, kamar yarinyar nan ta kusa da taga.

"Rediyo-ba-makunni," in ji ta.

Ya yi dariya, 'yar ƙarama, mai sauti.

"Ban taɓa neman makunnin ba, Malam. Watan nan da ta ɗauke, gidan ya yi mini faɗi."

Ya buɗe baki, maganganu na wata guda sun yi layi suna jira. Sai ya mayar da su, ya miƙe ƙafa, ya tura mata matashi.

"Gobe akwai sanarwar buɗe filin wasa," in ji shi. "Faɗa mini yadda za ki ce."